Manyan tayoyi a ƙaramar a-kori-kura

Na cire wa a-kori-kurata tayoyinta na asali, masu lambar girma 205/75R15, na sa mata waɗanda suka fi su faɗi da tsayi, masu lamba 235/75R15. Gaskiya motar ta yi kwarjini, kuma ƙasanta ya daina gogar duwatsu a hanyar burji. Sai dai tashin bai kai yadda ido ke gani ba: tsayin tayar ya ƙaru da milimita 45, amma rabinsa kawai motar ta ɗaga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne agogon gudu. Babbar taya ta fi cin ƙasa a kowane juyi, don haka in allura ta nuna 100, a zahiri ina gudun kilomita 106 ne da ɗoriya. Wannan ba abin wasa ba ne, ga birki ya ɗan rage kamu.

In na murɗa sitiyari har ƙarshe, ina jin tayar gaba tana kartar robar cikin ramin taya. A hawan tudu da kaya sai na sauko giya, mai ma ya ƙara tafiya. Duk da haka ba zan cire su ba, hanyoyin da nake bi sun fi buƙatarsu. Gudu kam na rage shi sosai.