Na Ƙirga Kawuna, Ban Ƙirga Kati Ba

Kusan wata guda ke nan da zaɓen ƙananan hukumomin Abuja na ranar Asabar 12 ga Fabrairun 2022, amma har yanzu duk sanda na ja durowar shagona na ga littafin nan mai shuɗin bango sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Sunaye 412 ne a ciki. Da hannuna na rubuta su ɗaya bayan ɗaya, kowane da lambar wayarsa da sana'arsa. Wata huɗu na yi ina tara su, daga majalisar mai shayi zuwa tashar 'yan acaɓa, daga layin 'yan gwari zuwa ƙofar masallaci bayan isha'i. Littafin nan shi na ɗauka na kai wa maigidana a siyasa ana saura mako biyu zaɓe, na ce masa, "Alhaji, akwatunan nan biyu ka cire su daga lissafi, an gama." Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yi albarka, ya kwashe motar da aka ware mana da ejan guda ya tura wata unguwa da ake ganin ta fi mu rauni.

Akwatunan nan biyu duka muka faɗi. Ɗaya da tazarar ƙuri'a tara.

Ni ɗan tsintsiya ne, wato APC, tun 2015, kuma a wata mazaɓa ta gefen gari a ƙaramar hukumar Birni da Kewaye, wato AMAC, aka damƙa mini rumfuna biyu. Ba zan tsaya bayanin yawon kamfe ba, wannan ya tafi daidai. Mun yi taro ya cika, mun raba hula, mata sun yi guɗa, ɗan takararmu na kansila ya zaga gida-gida har takalminsa ya cinye. Abu ɗaya ne ban yi ba. Cikin mutum 412 ɗin nan babu ko ɗaya da na ce wa, "Ɗauko katinka in gani." Abin da nake tambaya shi ne, "Kana da katin zaɓe?" A ce mini akwai. "Kana tare da mu?" A ce sosai ma. Sai in rubuta suna. Kuma wallahi ba ƙarya suka yi mini ba, suna da katin, suna kuma tare da mu.

Da safiyar zaɓe, tun kafin ƙarfe takwas ina bakin makarantar firamaren da rumfunan suke. 'Yan bautar ƙasa suka kafa tebur, aka liƙa rajista a bango, aka kunna na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS. Layi bai fi mutum ashirin ba, kuma da na duba fuskokin, mafi yawansu ba mutanen littafina ba ne. Ban damu ba, na ce mutanenmu 'yan kasuwa ne, sai sun buɗe shago sun ga hantsi. Wajen ƙarfe goma na fara bugun waya. Na farko, wani yaro ɗan acaɓa da nake ji da shi, wanda shi kaɗai ya kawo mini sunan abokansa kusan talatin, ya ɗauka yana cikin hayaniyar layin mai. Na ce ya bar layin ya zo ya dangwala. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Oga, ai katina na Funtuwa ne."

Na ce, "Na ina?"

"Na Funtuwa. Can nake zaɓe. Na ɗauka taro da tallata ɗan takara kake so mu yi maka."

Na biyu katinsa na Bici ne. Na uku na Gusau. Wani dattijo mai sayar da goro da nake kira Baba ya taso da kansa har rumfar, da katinsa a naɗe cikin leda, ya bi layi, aka duba aka ce sunansa ba ya nan. Na karɓa na karanta: Mararraba. Nan ya yi rajista lokacin yana haya a can, kuma Mararraba jihar Nasarawa ce ko da kuwa taku kaɗan ne tsakaninta da Nyanya. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, to yanzu ba yadda za a yi?" Babu. Na'urar nan sai ta ga yatsanka ko fuskarka sun dace da rajistar wannan rumfar, ba ta san dattijo ba, ba ta san alfarma ba. Kunyar da na ji a gaban tsohon nan, wanda ya rufe teburinsa ya hau mota da kuɗinsa saboda maganata, ita ce ta fi faɗuwar zaɓen ci mini rai.

Haka na wuni. Wani na Madalla, wato jihar Neja. Wani na Zuba, yana cikin Abuja amma ƙaramar hukumar Gwagwalada. Wasu ma a cikin AMAC ɗin suke, sai dai a wata mazaɓar daban, ƙuri'arsu ta ciyaman za ta shiga idan sun je can, amma kansilanmu ba zai ga ko ɗaya ba. Da dare na zauna da biro ina jan layi a kan sunaye. Waɗanda katinsu ke rumfunan nan biyu ba su kai casa'in ba. A cikinsu ma kusan rabi ba su fito ba, domin a makon ne wahalar mai ta kama Abuja bayan shigo da gurɓataccen fetur ɗin nan, mai keke da mai acaɓa duk suna layin gidan mai tun asuba, ba wanda zai bar layin da ya kwana a kai saboda kansila.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne, da na yi tambayar nan a kan lokaci akwai magani. Tun 28 ga Yunin 2021 hukumar zaɓe ta ƙasa INEC ta sake buɗe rajista, har da damar sauya wurin zaɓe, ana ma iya fara cikewa ta intanet a waya. Lokacin da na fara rubuta sunaye ƙofar a buɗe take. Da na sa mutum ashirin kacal sun dawo da katinsu, da rumfar tazarar tara ɗin nan tamu ce. Sai da aka rufe, aka buga rajista, sannan na san akwai tambayar da ban yi ba. Wata huɗu ina yawo da littafi a hammata, ashe taron tsintsiya na yi ba shara.

Su kuwa 'yan lema, wato PDP, da suka kayar da mu, ban taɓa ganin sun yi taron da ya kai rabin namu ba. Amma jagoransu a unguwar, wani malamin makaranta ɗan asalin ƙauyen, Bagbagyi, kwafin rajistar rumfa yake yawo da shi. Daga rajista yake farawa ya nemi mutum, ni kuwa daga mutum nake farawa ban taɓa komawa rajista ba. Mutanensa nan aka haife su, nan gonakinsu suke, nan suka yi kati, kuma sun san kujerar ciyaman da ta kansila su ne kaɗai gwamnatin da ke kusa da su, tunda Abuja ba ta da gwamna ba ta da majalisar jiha. Tsofaffin mata na gani da sanda suna zaune a inuwa suna jiran a kira su, ba su gusa ba har aka ƙirga. Bayan an sa hannu a takardar sakamako ya zo ya ba ni hannu, ya ce, "Malam, mutanenka suna da yawa, amma baƙi ne a rajista." Ba da gatse ya faɗa ba. Ni ma na san gaskiya ya faɗa.

Da sakamakon gaba ɗaya ya fito, sai aka ga kujerun ciyaman shida sun rabu uku da uku. PDP ta riƙe Bwari da Kuje da take da su, ta kuma ƙwace AMAC, inda Christopher Zakka Maikalangu ya yi nasara. APC ta tsira da Gwagwalada, Kwali da Abaji. A Abaji ma jam'iyyar aka ayyana ba tare da sunan ɗan takara ba, saboda shari'ar wanda ke da tikitin. AMAC ita ce babbar asara, domin tun 2016 take hannunmu, Abdullahi Adamu Candido ya yi zango biyu a kai. Tun ranar nake jin masu sharhi a rediyo suna cewa jama'ar birni sun juya wa tsintsiya baya, guguwar sauyi ta taso. Ni dai da na tsaya a rana na ga abin da idona, ina ganin maganar ta fi ƙarfin abin da ya faru. A lokacin zaɓen Abuja na da masu rajista sama da miliyan 1.3, kuma AMAC ce ke da kaso mafi tsoka, amma wanda ya ci kujerar ƙuri'arsa ba ta kai dubu 20 ba, namu kuma dubu 13 da 'yan kai. A Maitama da Asokoro da Wuse mutane ko leƙowa ba su yi ba. A zaɓen da 'yan tsiraru irin haka suka fito, ba wanda ya fi farin jini ke ci ba, wanda ya san ƙofar gidan masu kati ne. Tazarar dubu shida a ƙaramar hukuma mai mazaɓu 12, ka raba ta a kan rumfuna, sai ka tarar irin kuskurena ne aka maimaita nan da can.

Ba na cewa babu waɗanda suka sauya ra'ayi da gaske. Akwai. Wata mai abinci da ke cikin littafina, katinta kuma na rumfarmu ne, ta fito daga dangwala ta ce mini a fili, "Yaya, kada ka ji haushi, lema na yi. Ka san nawa nake sayen gas da man gyaɗa yanzu?" Ban iya ce mata komai ba. Sannan rikicin fidda gwani na kujerar ciyaman ya kai mu har kotu, wasu 'yan jam'iyya suka yi fushi suka zauna a gida, wasu kuma ana raɗe-raɗin sun yi antifati. Zaɓen 2019 kuwa ya faɗo ne ranar 9 ga Maris, rana ɗaya da na gwamnoni, makonni biyu bayan na shugaban ƙasa, jini na kan akaifa, kowa na cikin zumuɗi. Na 2022 shi kaɗai ya zo, ba amo ba kiɗa. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma na ji abokan aikina suna fakewa da su. Amma ba ni na kawo tsadar gas ba, ba ni na shigar da ƙara kotu ba. Abin da aka damƙa mini rumfa biyu ne, kuma tambaya ɗaya ce ta kayar da su.

Wani abu da ya kamata 'yan'uwa da suka zo daga jihohi su gane: zaɓen ƙaramar hukuma a Abuja ba irin na gida ba ne. A jihohi hukumar zaɓen jiha ke shirya shi, kuma mun saba jam'iyyar gwamna ta lashe komai, kamar yadda APC ta kwashe duka 44 na Kano a Janairun 2021. Shi ya sa da yawa daga mutanenmu suke ɗaukar zaɓen kansila wasan yara, an riga an rubuta. Nan INEC ce da kanta ke yi, ciyaman shida da kansila 62, ana ƙirgawa a gabanka, a ɗauki hoton takardar a ɗora a intanet. Jam'iyyar da ke mulkin ƙasa ta faɗi a ƙaramar hukumar da fadar shugaban ƙasa take ciki. Ƙuri'a tara na yin aiki a nan, na gani.

Ga duk wanda aka ba rumfa, ko a Abuja ko a Legas ko Fatakwal, duk inda mutanenmu suke zaman ci-rani: kada ka rubuta sunan mutum sai katinsa na tafin hannunka. Ka karanta jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa da lambar rumfa da idonka. Wanda ya ce ya bar shi a gida, bi shi gidan. Ka samo rajistar rumfarka tun da wuri ka riƙa bin ta suna-suna. Kuma kada ka je gaban maigida ka ce an gama, domin a kan maganarka zai raba mota da ejan. Motar nan da aka ɗauke mana, da tana nan da na kwaso tsofaffi bakwai da suka ce ƙafa ba za ta kai su ba. Ni na ce ba ma buƙatarta.

Yanzu na sayi sabon littafi, na ja masa layi huɗu: suna, waya, inda katin yake, da ko ya yarda ya dawo da shi. Layi na huɗun nan ya fi wuya fiye da yadda na zata. Na koma wurin yaron Funtuwa, na zaunar da shi na ce, shekararka tara a garin nan, nan ake karɓar harajinka, nan 'ya'yanka ke firamare, nan matarka ke zuwa awo, me katinka yake yi a Katsina? Ya ce, "Oga, idan na dawo da shi na rasa zaɓen gwamna ke nan. Kuma ranar zaɓe in ban je gida ba, me zan ce wa mahaifina?" Na rasa amsar da zan ba shi, don ni ma sai a 2018 na dawo da nawa, bayan rasuwar tsohona.

Baba mai goro shi ne na farko da ya yarda. Ranar Talata na rufe shago na raka shi ofishin rajista, muka cike takarda aka ba shi 'yar shaida, ya naɗe ta cikin ledar nan tare da tsohon katin. Zuwa daren jiya, mutum goma sha ɗaya ne a sabon littafin.