Blue Moon, giyar alkama da aka rage wa tsami

Kusan kowace mashaya ko gidan cin abinci ka shiga a nan Denba, a jihar Kolorado ta Amurka, cikin jerin famfunan giya sai ka ga guda mai hoton shuɗin wata. Blue Moon ke nan. 'Yar garin nan ce, duk da sunan Beljiyam da ke liƙe a jikin kwalbarta. An saba shan ta ana hira ko ana kallon ƙwallo, ba wanda ke tsayawa ya tambayi harshensa me ya ji. Ranar Asabar da daddare na ɗauko kwalba ɗaya daga firji, na kashe talabijin, na sha ta a natse.

Na san yawancin masu karanta ni Musulmi ne, giya ba hanyarsu ba ce, kuma ina girmama hakan. Ni Kirista ne haifaffen Wusasa, kuma ko a cocinmu akwai dattawan da za su haɗe rai in sun ga wannan rubutu. Ba kiran kowa nake yi ya sha ba. Sana'ar dafa hatsi har ya zama abin sha ce ta daɗe tana burge ni, kuma ina son a yi maganarta da gaskiya.

Ba a tace wannan giya, don haka akwai yis da garin alkama da ke kwanciya a gindin kwalba. Sai ka zuba wajen kashi biyu cikin uku a dogon tambulan, ka jujjuya sauran, sannan ka juye. Launinta ruwan lemu ne mai hazo, ba ka ganin yatsunka ta bayan gilashin. Kumfar fara ce, ta taso da kyau amma ba ta jima ba ta kwanta. Da na kai hanci, ƙamshin ɓawon lemu ne ya fara tarbata, mai zaƙi, kamar lokacin da mai lemu ke fere shi da wuƙa. Daga baya sai koriyanda, wani kayan ƙamshi na girki, ta biyo a hankali, da wani ɗan ƙamshin burodi a can ƙasa.

A baki tana da laushi ƙwarai. Wannan aikin hatsin ots ne da ake haɗawa da alkama da tsiron sha'ir, shi ke ba ta santsi da ɗan kauri. Zaƙi ne a gaba, zaƙi a tsakiya. Ɗacin hop, furen da ke sa wa giya ɗaci, kusan babu. Da ka haɗiye, ɗanɗanon ya wuce, bai bar komai a maƙogwaro da zai sa ka tsaya tunani ba. Ƙarfinta kashi 5.4 cikin ɗari ne, amma ba ka jin barasar a baki, kuma wannan abin lura ne ga wanda zai tuƙa mota. Na miƙa wa uwargida ta kurɓa, ta ce, "Baban yara, wannan ai lemon kwalba ce aka sa wa kumfa." Ta wuce gona da iri, amma ta taɓo wurin da nake son zuwa.

Asalin irin wannan giya wani ƙaramin gari ne mai suna Hoegaarden a Beljiyam, gabas da Burasels. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna dafa ta da alkamar da ba a tsirar ba, suna ƙara kayan ƙamshi. Da giya mai haske irin ta lager ta mamaye kasuwa, gidajen dafa ta suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe, gidan Tomsin, ya rufe a 1957. Wani mai sayar da madara, Pierre Celis, wanda ya taɓa taya aiki a gidan tun yana saurayi, shi ya farfaɗo da ita a 1966. Da gobara ta cinye masana'antarsa a 1985, kuɗin gyara ya fi ƙarfinsa, babban kamfani ya shigo, daga baya ya mallake ta. Celis ya tattara ya koma Ostin a jihar Teksas, ya buɗe sabuwa a 1992. Ita ma kamfanin Miller ya saye ta, ya rufe ta bayan 'yan shekaru. Mutumin ya rasu a 2011. Duk lokacin da na tuna labarinsa sai in ji wani iri: sau biyu yana gina abu da hannunsa, sau biyu abin yana ƙarewa a hannun manya.

Ita kuwa Blue Moon a hannun manya aka haife ta tun farko. Keith Villa, ma'aikacin babban kamfanin giya na Coors da ya yi digirin digirgir a kan ilimin giya a Burasels, shi ya haɗa ta a 1995, a wata ƙaramar masana'anta da ake kira SandLot cikin filin wasan besbol na Coors Field. Sunanta na farko Bellyslide. Ya san ainihin ta Beljiyam sarai, kuma da gangan ya sauya ta. A can ɓawon wani irin lemu mai ɗaci ake sawa, wanda ake kira lemun Kurasawo. Shi ya zaɓi na Balensiya, mai zaƙi. Yankan lemun da ake maƙalawa a bakin tambulan ma dabararsa ce, ba al'adar Beljiyam ba.

Na matse nawa yankan a rabin da ya rage a tambulan don in gwada. Ya ƙara ƙamshi, gaskiya ne, amma ya binne koriyandar gaba ɗaya, ya mai da zaƙin ya yi yawa. Na fi son ta babu shi.

Abin da na rasa a cikinta shi ne tsami. Ina yaro, in na je hutu ƙauyen kakata, nakan ga mata suna jiƙa dawa, su shanya ta ta yi tsiro, su niƙa, su dafa a manyan tukwane, su bar ta ta kwana ta yi tsami kafin a sake dafawa. Burukutu ke nan. Kowa a wurin ya san in babu wannan tsamin, aikin bai kammala ba, domin shi ke yanke zaƙin hatsi, ya wanke baki, ya sa abin sha mai kauri bai gundure ka ba. Tsohuwar giyar Hoegaarden ma mai tsami ce. Har ta yanzu, wadda babban kamfanin AB InBev ke dafawa da yawan gaske mai ƙarfin kashi 4.9, tana da ragowarsa: ta fi Blue Moon fari, ta fi ta sauƙi a ciki, kuma yis ɗinta na ba da wani ƙamshi mai kama da kanumfari. A Blue Moon ban ji kanumfarin ba, ban ji tsamin ba. An goge duk wani kaifi da zai iya sa sabon mai sha ya yamutsa fuska. Shi ya sa tambulan na farko ke da daɗi, na biyu kuma ya fara nauyi a harshe.

Duk da haka ba na cikin masu raina ta. A shekarun 1990 Ba'amurken da ya saba da giya mai haske kamar ruwa, in ka ba shi mai hazo sai ya zaci ta lalace. Blue Moon ce ta kai wannan launi gidajen cin abinci na kan hanya da filayen jirgin sama, har mutane suka daina tsoronsa. Nasararta ce ta sa kamfanin giya na Anheuser-Busch ya fito da tasa, Shock Top, a 2006. Kuma dafa giyar da ba a tace ba, mai kayan ƙamshi, ta fito iri ɗaya a miliyoyin kwalabe, ba ƙaramar gwaninta ba ce. Wanda ya taɓa ganin tukunyar burukutu ta ƙi, bayan an ɓata kwanaki da itace, ya san darajar wannan.

Inda masu suka ke da hujja shi ne batun suna. Shekaru da yawa kwalbar tana cewa Blue Moon Brewing Company, ba ka ganin sunan Coors, sai mai saye ya ɗauka ƙaramar masana'anta ce ta 'yan unguwa. Ƙungiyar masu dafa giya ta Brewers Association da ke Bolda, nan kusa da mu, ta ce masana'anta ba ta shiga sahun ƙanana masu zaman kansu sai in ba ta wuce ganga miliyan 6 a shekara ba, kuma babban kamfanin giya bai mallaki kashi 25 cikin ɗari nata ba. Blue Moon ba ta cika wannan sharaɗi ba. A 2015 wani mutum a Kalifoniya ya kai ƙara a kan haka, kotu ta kori ƙarar a 2016. Doka ta wanke su, amma ni dai ina ganin wanda ya yi abu mai kyau ba shi da dalilin ɓoye sunansa. Shi Villa ya bar kamfanin a 2018, ya kafa nasa mai suna Ceria, inda ya fara yin giyar alkama marar barasa.

Ga wanda ke Amurka yake son jin abin da nake nufi da tsami, akwai Allagash White ta Fotland a jihar Men, wadda aka fara dafawa a shekara ɗaya da Blue Moon. Ta fi tsada, kuma ba a ko'ina ake samunta ba. Ita ta riƙe ɓawon Kurasawo, ta bar yis ya yi aikinsa, kuma tana bushe baki bayan an haɗiye. In da gasasshen kifi ko kaza mai yaji a gabana, ita zan nema. Blue Moon kuwa zan karɓa in an miƙo min a filin wasa da rana tsaka, da sanyinta, kwalba ɗaya, kuma zan ce wa mai zubawa ya bar lemun.