Saƙon Godiya Bayan Faɗuwata a Filin Folo

Assalamu alaikum. Jiya likita ya kwance mini ɗaurin da ya rataye hannuna na dama a wuya, yau ne karon farko da na iya riƙe waya ba tare da na cije leɓe ba. Alhamdu lillahi. Bashin godiya ya taru mini, bari in fara biya.

Ga waɗanda labarin bai iske ba: makonni bakwai da suka wuce, ranar Asabar bayan la'asar, muna ƙwallon doki tsakaninmu 'yan kulob, goɗiyata ta yi tuntuɓe a cuka ta uku, wato zagaye na uku na wasan, na wuntsila ta kanta. Ƙashin kafaɗa ya karye, haƙarƙari biyu suka tsage, hular kwano kuwa ta dare. Na ajiye ta a falo, duk wanda ya zo dubiya sai ya ɗauka ya jujjuya ya yi salati.

Laifin nawa ne, kada a ɗora wa fili ko dabba. Cuka minti 7 ce, amma minti bakwai na sukuwa da ja da juyawa, shi ya sa ake sauya doki. Goɗiyar ta riga ta yi cuka biyu. Yaron bargata ya riƙe linzami ya ce, "Alhaji, a bar ta ta huta, numfashinta bai dawo ba." Na ce masa na fi shi sanin dabbata, na sa ƙafa a likkafa.

To shi zan fara gode wa. Kafin alkalan wasa su sauko daga dawakinsu ya iso kaina da gudu, babu ko takalmi. Jama'a suka taru za su cicciɓe ni, irin taimakonmu na gaggawa, ya hana. Ya durƙusa ya tallafe kaina da hannu biyu, yana cewa kada kowa ya motsa wuyan sai likita ya zo. Manyan mutane ne a tsaye, wasu sun haife shi, amma ko gezau bai yi ba. Daga baya likita ya ce abin da ya kamata a yi ke nan. Wannan yaro ba mamba ba ne, sunansa ba ya cikin rajista, shekara shida muna tare ban taɓa ganinsa zaune a barandar da muke shan shayi ba, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba sai da na kwanta. Tun ranar yake jinyar goɗiyar, ya kwara wa ƙafar ruwan sanyi safe da yamma, ya jiƙa mata dusa da 'yar kanwa, ya zaɓo harawa mai kyau, kullum sai ya turo mini bidiyonta ta WhatsApp in ga yadda take taka ƙafar. Har yau bai ce mini "ai na faɗa maka" ba. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifanka.

Sai likitan da ya fito daga filin tanis da gajeren wando, gumi na zuba, ya duba ni a ƙasa, ya raka ni asibiti har aka ɗauki hoton ƙashi. Mu 'yan doki mun daɗe muna tsokanar 'yan tanis cewa wasansu na masu tsoron faɗuwa ne. Dokta, na janye, a gaban kowa.

Na gode wa abokan karawarmu huɗu da suka kwana biyu suna karɓa-karɓa a bakin gadona, da direban da ya bi ramukan hanya a hankali kamar ya ɗauko ƙwai, da ma'aikatan jinya da suka jure rakina.

Akwai dattijonmu, wanda ya fi kowa daɗewa a kulob, da ya riƙa zuwa duk Juma'a bayan masallaci da ledar lemo. Ba ya tambayar jiki sai sau ɗaya, daga nan sai tarihi: yadda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ga wasan a Ingila a 1921 ya dawo da shi gida, yadda ɗansa Sarki Usman Nagogo ya kai maki 7 a ma'aunin ƙwarewar 'yan folo da ya tsaya a 10. Sai ya dube ni ya ce, "Kai da ka shekara tara a kan sifili, ina za ka da cuka uku a doki ɗaya?" Dariya da tsagaggen haƙarƙari azaba ce, Baba, amma na gode.

Uwargida kuwa, wadda tun farko ba ta son wasan nan, ita ta yi ta ba ni abinci a baki da ɗaura mini maɓallin riga. Ta ce in sayar da sirdi. Muna kan tattaunawa.

Kuɗin da mambobi suka tara mini, Allah ya saka da alheri, ya fi abin da asibiti ya ci. Na roƙi kwamiti a buɗe asusu da ragowar don jinyar 'yan barga, domin su ma doki na harbinsu yana taka su, kuma babu mai tara musu. Shugaba ya amince, ya ce za a kawo maganar a taro mai zuwa.

Likita ya hana ni hawa sai bayan wata uku, don haka gasar Kaduna ta bana daga kan kujera zan kalle ta, har wasan kofin Georgian, babban kofin gasar. Kafin nan, ranar Asabar mai zuwa bayan magariba akwai shayi da tsire daga aljihuna. A bakin barga za a shimfiɗa tabarmi, kowa ya zo, har 'yan tanis.