Laraba, da fom ɗin da bai tambayi sunana ba

Yau da safe, bayan na fito daga laccar ƙarfe takwas, na tarar da saƙon tunatarwa na uku daga ofishin magatakarda, cewa ranar Juma'a za a rufe karɓar amsoshin binciken jin ra'ayin ma'aikata, kuma tsangayarmu ce a baya wajen cikawa. An rubuta da manyan haruffa cewa ba wanda zai san mai kowace amsa. Sai da aka kawo wuta wajen ƙarfe goma sha ɗaya na zauna na buɗe fom ɗin, da niyyar in gama da shi cikin minti goma in koma kan takardun jarrabawar da suka taru a teburina.

Gaskiya ne bai tambayi sunana ba, bai kuma nemi lambar ma'aikaci ba. Amma shafin farko ya tambayi tsangaya, da sashe, da matsayi, da jinsi, da yawan shekarun aiki. A sashenmu mu goma sha ɗaya ne, mata uku, kuma ni kaɗai ce mace mai matsayin babbar malama, saboda haka kafin in amsa tambaya ko ɗaya game da aiki na riga na sa hannu ba tare da na rubuta suna ba. Wannan ba baƙuwar matsala ba ce ga masu nazarin bayanai. A shekarar 2000 wata masaniya a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna cewa da lambar shiyyar gidan waya da ranar haihuwa da jinsi kaɗai ana iya ware kusan kashi 87 cikin ɗari na mutanen ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Idan hakan zai yiwu a ƙasa mai mutum ɗaruruwan miliyoyi, ina ga sashen da dukanmu muke shan shayi daga buta ɗaya?

Tambayoyin kansu irin waɗanda aka saba ne, masu zaɓi biyar daga "na yarda ƙwarai" zuwa "sam ban yarda ba", tsarin da Rensis Likert ya fito da shi tun 1932. Da yawa daga cikinsu sun yi kama da tambayoyi goma sha biyu na kamfanin binciken jin ra'ayi na Gallup, har da wadda ke cewa ko kana da amini a wurin aiki. A ɗakin shayi an yi ta dariya a kanta, wani farfesa yana cewa shi amininsa a jami'ar nan janareta ne. Wadda ta tsayar da ni ita ce ta ko ina da kayan da nake bukata don yin aikina yadda ya kamata. Na tuna ajin safiyar nan, ɗalibai sun haura ɗari uku, babu lasifika, alƙalamin allon ma da kuɗina na saya. Na zaɓi "ban yarda ba", sannan na kama kaina ina duban ƙofar ofis kamar wani zai leƙo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ba a tambaya ba. Babu tambaya a kan jinkirin ƙarin girma, babu a kan alawus, babu a kan yawan ɗaliban da malami ɗaya yake duba wa aikin bincike. Mu da muka ga yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya faro ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, da riƙe albashin da ya biyo baya, mun san inda mikin yake, kuma 'yan SSANU da NASU, ƙungiyoyin ma'aikatan jami'a waɗanda ba malamai ba, su ma suna da nasu. Wasu daga cikin waɗannan ba a hannun shugaban jami'a suke ba, na yarda, amma fom ɗin da ya tsallake su gaba ɗaya yana sa mutum ya ji kamar da wata jami'a daban ake magana.

Ina cikin haka Baba masinja ya yi sallama, riƙe da 'yar wayarsa mai madanni. An gaya musu kowa sai ya cika, ga shi fom ɗin da Turanci yake, kuma shi ko imel ba shi da shi. Na ce ya zauna in karanta masa in fassara. Ya ƙi zama, ya tsaya a gefen teburi ya ce, "Malama, ki dai rubuta musu komai lafiya lau." Na ce, "Baba, an ce ba wanda zai san kai ne." Ya yi murmushi ya ce, "To ai ke kin sani." Ban sami abin da zan ce masa ba. Sai can, da muka kai tambayar ko an yaba masa a kan aikinsa kwanan nan, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shekararsa ashirin da wani abu yana kai takardu daga ofis zuwa ofis, bai taɓa ganin wadda aka rubuta domin a gode masa ba. Na tambaye shi ko in sa haka. Ya ce a'a, in sa "ina tsaka-tsaki".

William Kahn, wanda ya fara fito da batun duƙufar ma'aikaci ga aikinsa, abin da irin wannan fom yake ƙoƙarin aunawa, a wata maƙala ta 1990, ya lissafa sharuɗɗa uku na samun wannan duƙufa, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne mutum ya ji zai iya bayyana kansa ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba. A ganina amsar Baba ta auna wannan sharaɗin fiye da duk tambayoyin fom ɗin, sai dai a rahoto za ta fito ne a matsayin lamba uku cikin biyar, a ce ma'aikaci ne wanda ba shi da ƙorafi.

Bayan azahar na kira wani abokin aiki da ke cikin kwamitin binciken. Na ce, "Dakta, wa ke riƙe da ainihin amsoshin, kuma wa zai karanta abin da mutane suka rubuta da kalmominsu?" Ya ce sashen kwamfuta ne, kuma an amince ba za a fitar da sakamakon kowane rukuni da bai kai mutum biyar ba, wanda shi ne abin da masu irin wannan bincike suka saba yi. Na ce to me ya hana a rubuta hakan a shafin farko, tunda dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ma tana bukatar a gaya wa mutum abin da za a yi da bayanansa? Ya ce ba su yi tunanin abin zai dami kowa ba, amma zai tayar da maganar a zamansu na gobe. Na kuma roƙe shi a fassara fom ɗin da Hausa, a ajiye na takarda da akwati mai kulle domin irin su Baba.

Da la'asar na koma kan nawa. Akwatin ƙarshe na rubuta duk abin da mutum yake so ne, kuma sau uku ina gogewa, domin shugaban sashenmu ya karanta takarduna na shekara da shekaru, ya san yadda nake ƙulla jimla kamar yadda ya san sautin takalmina a baranda. Na cire kalmomin da aka san ni da su, na bar maganar lasifika da ta ƙarin girma a gajerun jimloli uku, na ƙara da cewa a sanar da mu sakamakon da abin da aka yanke a kansa. A wurin matsayi na so in bar fili, fom ɗin ya ƙi wucewa sai an cika. Na cika, na aika, na jawo takardun jarrabawa na ci gaba daga ta arba'in da bakwai.