Kawu da Yaƙin Saliyo

Jiya a majalisa aka yi ta musu kan ƙasar da ta fi iya yaƙi a waje, kowa yana lissafin jirage da tankoki. Ni kuwa Kawu na tuna, Allah Ya jiƙansa.

Yana cikin sojojin Najeriya na ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da suka kori gwamnatin soja daga Freetown, babban birnin Saliyo, a Fabrairun 1998, Shugaba Kabbah ya koma kujerarsa a Maris. Aka sha yabo. Amma a Janairun 1999 'yan tawaye suka sake kutsawa birnin suna datse hannayen mutane.

Kawu bai taɓa kiran wannan yaƙi nasara ba. In an tambaye shi, sai ya jero sunayen abokansa da ba su dawo ba, ya yi shiru.