Sheƙin taya da ƙurar Kano

Ni dai ko an wanke mota fes, muddin tayoyinta sun yi furu-furu, a idona ba a wanke ta ba. Corolla ce tawa, tsohuwa, amma ranar Juma'a ina son in ga tayoyin sun yi baƙi wuluk, suna sheƙi kamar yanzu aka tsamo su daga ruwa.

Da, wani yaro a wurin wankin mota yakan shafa musu baƙin mai. Sheƙi kam sai wanda ya gani, amma kafin in kai titin Gidan Zoo ƙura ta manne musu ram. Kuma man inji yana cin roba. Na ce masa, "Ƙanena, ka daina, kashe mini taya kake yi."

Yanzu da hannuna nake yi. Burushi mai tauri da ruwan sabulu, ina dirza har kumfar ta daina fitowa ja-ja. Wannan jan ba datti ba ne kaɗai. Sinadari ne da masu ƙera taya ke sawa don kare roba, shi ke tasowa sama. Sai in bar ta a inuwa ta bushe ƙarau, domin jiƙaƙƙiyar taya ba ta riƙe komai.

Man sheƙi na ruwa mai silikon nake ɗigawa a soso, shafa siriri a gefen taya kawai, ban da inda take taka ƙasa, saboda santsi. Bayan minti 10 in ƙara na biyu, in goge ragowar da tsumma don kada ya fantsama jikin fenti.

Da hunturu, sheƙin kwana 3 yake yi mini.