Wasiƙa daga Ingila: karatun yara a gida, da zancen Fir'auna da Rumawa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa lafiya. Gaisuwar a dunƙule ce, kowa ya ɗauki tasa, don in na ce sai na bi ɗaya bayan ɗaya to sai gobe.

Tun da labari ya iso gida cewa mun cire yara daga makarantar boko muna koya musu da kanmu, wayata ba ta huta ba. Tambayoyin dai guda ne ake ta juya su, wai gwamnati ba za ta ƙwace yaran ba, wai ke yaushe kika zama malama, sai kuma wadda ta fi yawa tun ranar da aka ga hoton 'yata Ummi ta naɗe 'yar tsanarta da bandeji, wai me ya kai ku koya wa 'ya'yan Musulmi labarin Fir'auna da gumaka. Na gaji da saƙon murya, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Zan taɓo takardu, da Misirawa, da Rumawa, da Girkawa, da kuɗin da abun ke ci, da yadda muke yi da lissafi.

Takardu tukuna. A Ingila dokar ilimi ta 1996 cewa ta yi wajibi ne iyaye su tabbatar ɗansu yana samun ilimi na cikakken lokaci wanda ya dace da shekarunsa, ko dai a makaranta ko ta wata hanyar. Wannan "wata hanyar" ita ce ƙofar da muka bi, kuma ba mu kaɗai ba ne, yaran da ke karatu a gida a Ingila sun haura 100,000. In yaro yana makarantar gama-gari ba izini ake nema ba, wasiƙa ce za ka rubuta wa hedimasta ka ce a cire sunansa daga rajista, su kuma su sanar da ƙaramar hukuma. Amma dan Allah kar wani ya ji wannan ya ɗauka haka Turai take gaba ɗaya, a Jamus haramun ne a doka, a Faransa tun 2022 sai ka nemi izini an ba ka, ko nan Sikotilan da ke saman mu sai hukuma ta amince kafin ka cire yaro daga makarantar gwamnati.

To a baki abun da sauƙi. Bayan wasiƙar ne ake shiga ruwan fom. Ofishin ilimi na garin da muke (ba sai na faɗi suna ba) suka aiko fom ta imel, na cika na tura, aka ce bai buɗe ba, na buga a laburare na cika da biro na aika ta gidan waya, sai ga wata wasiƙar tana cewa har yanzu ba su ji daga gare ni ba, na kira lambar da ke ƙasa aka bar ni da kiɗa a kunne har shinkafata ta kusa kamawa, da aka ɗauka kuma aka ce wadda ke riƙe da fayil ɗinmu ta tafi hutu. Akwai wani gurbi a fom ɗin da ke tambayar wai mene ne falsafar iliminki. Ni da nake fama da wanki da girki. Na rubuta musu shafi guda, na haɗa da hotunan ayyukan yaran da jerin littattafan da muka aro, tun daga nan duk abun da suka yi sai na ɗauki hoto na sa kwanan wata na ajiye, don mutanen nan ba sa jin "wallahi muna yi", takarda suke ji. In ba su gamsu ba suna da ikon ba da umarnin a mayar da yaro makaranta, don haka ba abun wasa ba ne. Kuma ko sisi ba sa bayarwa, littafi naka, intanet naka, in lokacin jarrabawar GCSE ta gama sakandare ya zo kai za ka nemo cibiya ka biya kowane darasi daga aljihunka. Zancen kuɗi ke nan a taƙaice.

Ba dole ba ne ka bi manhajar gwamnati, amma ni ina leƙawa don kar a bar mu a baya, kuma a cikinta yaran firamare daga shekara 7 zuwa 11 sai sun yi Rumawa da abun da suka bari a Birtaniya, sannan a zaɓi tsohuwar daula guda a zurfafa, yawancin makarantu Misira suke ɗauka. Kun ga ko suna makaranta ma za su haɗu da Fir'aunan nan, bambancin kawai wa ke ba da labarin.

Yanzu amsar Goggo da masu tambaya irin tata. Goggo, da girman kujerarki, yaran nan ba a littafin Turawa suka fara jin sunan Fir'auna ba, a Islamiyya suka ji. Ƙissar Annabi Yusuf a Misira ta faru, ta Annabi Musa ma haka, kuma a Suratu Yunus aya ta 92 an faɗa wa Fir'auna za a tsirar da jikinsa ya zama aya ga na baya. Rumawa kuwa sura guda ce da sunansu, farkonta ma labarin an ci su da yaƙi ne kuma za su yi nasara bayan 'yan shekaru, a tarihi Farisawa sun karɓe Ƙudus a 614, sarkin Rumawa Hiraƙla ya dawo ya karya su a 627, shi ne dai Hiraƙlan da Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa. A cikin surar ne kuma aka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance. Ranar da ɗana Abba ya gane Rumawan hadda su ne ci gaban Rumawa masu jar riga da garkuwa na littafinsa, ɓangaren gabas na daular da ya rayu har 1453, sai da ya tashi tsaye daga kan kujera. Gumakan kuma muna faɗa musu yadda suke, ga abun da mutanen suka yarda da shi, ga abun da mu muka yarda da shi, yaro ba ya ruɗewa in dai ba ka ɓoye masa ba.

Abun da ya fi wahalar shiga kansu lissafin shekaru ne, musamman ƙirgen kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da yake tafiya da baya. Sai muka ɗaura igiyar shanya tun daga ƙofar falo har kicin, kowane taƙi shekara ɗari, muna maƙale 'yan takardu da fegi. Babbar dalar Giza ta sarki Khufu wajen 2560 kafin haihuwar Annabi Isa, can kusa da ƙofa. Mutuwar sarauniyar Misira Kiliyofatara shekara ta 30 kafin haihuwarsa. Hijira 622. Jihadin Shehu 1804. 'Yancin kai 1960, wanda yake manne da yau ko wurin fegi babu a tsakani. Da suka ja baya suka duba sai suka ga Kiliyofatara ta fi kusa da mu a kan kusancinta da ginin dalar, ni kaina na daɗe ina kallon igiyar nan. Babansu dai kullum sai ya sunkuya zai wuce yana mita.

Sai zancen gawa. Misirawa kwana 70 suke ɗauka suna shirya gawar babban mutum, a zaro ƙwaƙwalwa ta hanci, a cire kayan ciki a zuba a tuluna huɗu, zuciya a bar ta a ciki don sun yarda za a auna ta da gashin tsuntsu a lahirarsu, sannan a binne jikin cikin wani gishiri kamar kwana 40 ya tsotse ruwan kafin a naɗe da ƙyalle. Gishirin nan dangin kanwa ne, irin wadda ake haƙowa a busasshen tafki. To ina da kanwa a kicin. Muka daka ta muka haɗa da gishiri, muka samu tumatir biyu muka yanka muka ƙwaƙule cikinsu, ɗaya muka cusa masa haɗin muka binne shi a roba, ɗayan muka bar shi a faranti a kan taga. Na farantin ya yi funfuna ya zagwanye har sai da na fitar da shi don wari, na cikin kanwar kuwa da muka tono bayan 'yan makonni ya yamutse ya bushe kamar kauɗa, ba wari ba komai. Ummi ta auna shi a sikelin kek kafin da bayan ta rubuta a littafinta, shi ma ya shiga fayil ɗin ƙaramar hukuma a matsayin kimiyya.

Mun je gidan tarihi na Manchester, shiga kyauta, suna da kayan Misira da yawa har da gawarwakin. Ni gaskiya wurin gawa bai min daɗi ba, 'yar wani ce fa, uwar wani ce, an ajiye ta a gilas ana ɗaukar hoto. Na ce wa yaran su rage murya mu wuce. Abun da na tsaya na nanata musu shi ne taswira, don littattafan yara na nan sai ka gama su ba ka ji an ce Misira a Afirka take ba. Na ƙara musu da sarakunan Kush daga Sudan ta yau, su Piye da Taharka, waɗanda suka mulki Misira kanta, da cewa dalolin Sudan sun fi na Misira yawa.

Rumawa kuma sai da muka sha sanyi a kansu. Sun mamaye Birtaniya a shekara ta 43 miladiyya zamanin sarki Kalaudiyas, suka zauna har wajen 410, kuma a 122 sarki Hadiriyan ya sa aka fara katanga daga teku zuwa teku a arewacin Ingila, mil 73. Bas ɗin da ke kai mutane wurin ma lambarsa AD122. Jama'a, iskar wurin nan ba irin hunturun da kuka sani ba ce, tana tafe da yayyafi a kwance, lema ba ta da amfani sai dai ta juye, na sa riga a kan riga a kan riga da safa biyu amma yatsuna suka daina jin wayar da ke hannuna, hawaye na zuba ba kuka nake ba, shayin filas ya huce kafin a zuba na biyu, ga tumaki suna kallonmu ko a jikinsu, ga tsofaffin Turawa da sanda da gajeren wando suna wuce mu suna cewa yau garin da kyau. Yaran ko oho, suna ta gudu sun gano masai na sojoji, dogon benci ne ake zama a jere ruwa na gudu a ƙasa, shi suka fi tunawa a duk tafiyar. Ni kuwa gidan wankan na tsaya kallo, daɓen a kan 'yan ginshiƙai yake ana hura wuta zafi na bi ta ƙasa, kusan shekara 2,000 da suka wuce, mu kuma muna nan muna kashe hita saboda kuɗin gas.

Kusa da katangar akwai sansanin Vindolanda, inda tun 1973 ake tono wasiƙu da aka rubuta da tawada a kan siraran katako. A ɗaya an aiko wa wani soja safa da takalma da kamfai, a wata matar wani kwamanda ce ke gayyatar ƙawarta bikin ranar haihuwarta wajen shekara ta 100. Wasiƙar safar nan na fahimce ta sosai. Kuma akwai 'yan Afirka a labarin, rundunar sojoji daga arewacin Afirka ta yi gadi a yammacin katangar, sannan sarki Septimius Severus haifaffen Libiya ta yau ne, a garin York ya rasu a 211.

A hanyar dawowa ne Abba ya tambaye ni ko mu ma muna da katanga. Na ce ƙwarai, ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, shekara 900 da wani abu. Ya ce in nuna masa, na rasa hoton kirki a wayata. A nan dutse ɗaya ba ka isa ka ɗauka daga katangar ba, tamu kuma kun fi ni sanin yadda ake ɗibar ƙasarta ana gini a kanta. Na san a Najeriya an cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantu a wajen 2009 sai daga baya aka fara dawo da shi, akwai ƙannenmu da suka gama sakandare ba su taɓa yin sa ba. Ba cewa nake kowa ya cire ɗansa daga makaranta ba, aikin da nauyi, kuma sai mutum ya nemo wa yara abokai, mu akwai ƙungiyar iyaye da muke haɗuwa a laburare. Amma Asabar ɗaya a Gidan Makama ko hawan Dala da yara ba zai gagari kowa ba, igiya da fegi kuma akwai su a kowane gida.

Girkawa ba mu fara ba sai bayan sallah. Lissafi babansu ke yi da su da daddare, ban sa baki. Yaya, in za ka bi ta Ƙofar Na'isa ka ɗauko mana hotunan abun da ya rage na ganuwar ta kusa sosai yadda za a ga ƙasar, kuma duk mai tahowa a ba shi kanwa, tawa ta ƙare a tumatir. A gaida Hajiya da kyau.